Gulbi da Hanya: Tarihin Ƙasar Jega, Aliero da Andarai

Wanda ya taso daga Sakkwato da rani ya nufi kudu, ya bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso Aliero tun kafin ya ga allon gari. Albasa ce ko'ina, a buhuna da tsibi-tsibi a bakin titi, manyan motoci suna jiran lodi. In ya ƙara gaba kaɗan sai Jega, inda hanyar Birnin Kabi ta haɗu da wadda ta gangara Koko da Yawuri har Kwantagora. Daga nan sai ya haye gulbi ya shiga ƙasar Maiyama, inda Andarai take tare da maƙwabtanta irin su Sambawa, Mungadi, Karaye, Liba da Giwa Tazo. Dukansu ƙasar masarautar Gwandu ce, cikin Jihar Kebbi.

Gulbin nan da aka haye shi ne Gulbin Zamfara, wanda mutanen wurin suke kira Gulbin Gindi. Daga can gabas yake tasowa, ya ratso ta Anka da Gummi, ya wuce Jega, sannan ya zuba a Gulbin Kabi a yamma, su tafi tare su faɗa Kwara. Da damina yakan cika ya batse ya malale fadamu, da rani ya janye ya bar laka da danshi. Ƙasar ta kasu biyu a bakin manomi: akwai tudu, mai jigawa, inda ake shuka gero da dawa da maiwa da wake idan ruwa ya sauka a watan Yuni, akwai kuma fadama, inda shinkafa take, inda kuma lambu yake ci bayan an gama kaka. Damina gajera ce, wata huɗu ko biyar. Bishiyoyin da suka rage a gonaki su ne waɗanda manomi ya ga amfanin bari: kuka, ɗorawa, kaɗe, tsamiya, gawo, sai giginya a gefen ruwa.

Duk wanda zai ba da tarihin wannan yanki dole ya riƙe gulbin da hanyar a ransa. Sarauta ta sha canza hannu a kansu, kuma kowace daula da ta zo, abin da take nema a nan bai wuce hatsin fadama da kuɗin fito da harajin kasuwa ba.

Zamanin Kanta, daga 1516

A farkon ƙarni na 16 ƙasar Kabi tana ƙarƙashin inuwar Songhai. Abin da aka rubuta, a littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di, mutumin Tumbuktu, shi ne Kanta, sarkin Leka, ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, da aka dawo suka ɓata a kan rabon ganima, Kanta ya yi tawaye wajen 1516, rundunar da Askiya ya aiko ta kasa karya shi. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta. Wannan shi ne rubutacce.

Sauran labarin na baka ne, kuma ya fi daɗin ji. Ana cewa mahaifinsa baƙo ne daga gabas da ya auri 'yar sarautar Katsina, yaron ya tashi cikin Fulani makiyaya, ya gagari kowa a dambe da kokawa, har samari suka taru a bayansa suka zama runduna. Ana kuma cewa yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake ratsa fadamu da shi idan ruwa ya cika. Ko akwai jirgin ko babu, labarin ya nuna abin da Kabawa suka ɗauka tushen ƙarfinsu: ruwa. Daular da ke da masunta da 'yan fito, irin su Sarkawa, tana iya kai mayaƙa inda doki ba ya zuwa da damina. Abin da ido zai iya gani har yau shi ne kangon Surame, babban birnin Kanta, da ganuwarsa ta dutse. Kanta ya rasu bayan tsakiyar ƙarnin, a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi da Barno, bayan kibiya ta same shi a ƙasar Katsina.

Ƙasar Gulbin Gindi tana kudu maso gabashin wannan daula, tana kallon Zamfara. Mutumin da ke zaune a iyaka ya san dole ya iya zama da kowa, shi ya sa tun da daɗewa ake samun Kabawa da Zamfarawa da Fulani a cakuɗe a nan. Gwandu kanta, in ji masu ba da labari, sunanta daga gandu ya fito, wato gonar sarki, domin bayin Kanta ne suke noma a wurin. Bayan Kanta ƙarfin Kabi ya riƙa raguwa. Zuwa farkon ƙarni na 18 Zamfara da Gobir da Abzinawa sun matsa mata, aka bar Surame, Sarki Tomo ya gina Birnin Kabi.

Gimbana, 1797 zuwa 1805

A nan ne yankin ya shiga tsakiyar tarihin ƙasar Hausa gaba ɗaya, kuma mutane da yawa da suka haddace labarin jihadi ba su san haka ba. Cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai wani malami Ba'are mai suna Abdussalami, wanda yake da jama'a tasa ta kansa, akasarinsu Hausawa. Da Sarkin Gobir Nafata ya fara takura wa jama'ar Shehu, ya hana rawani da lulluɓi, ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai, Abdussalami ya kwashe mutanensa wajen 1797 ya bar ƙasar Gobir ya sauka Gimbana, a ƙasar Kabi, nan kusa da inda Jega take a yau. Daga sunan garin nan ne aka samu Gimbanawa.

Da Yunfa ya hau gadon Gobir ya nemi Abdussalami ya komo, ya ƙi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, ta kashe na kashewa ta kama na kamawa. Abdussalami ya tsira. Kuskuren Gobirawa shi ne da suka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, inda Shehu yake zaune. Jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu Musulmi a ɗaure, suka fito suka kwance su. Yunfa ya ɗauki wannan a matsayin raini, ya aika wa Shehu ya fita daga jama'arsa shi da iyalinsa. Shehu ya ce ba zai rabu da su ba, sai dai su tashi tare. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto.

Ba ina cewa da ba a kai wa Gimbana hari ba da ba a yi jihadi ba. Rikicin ya riga ya nuna, jira kawai ake a taɓa shi ya faɗo. Amma wanda ya taɓa shi ɗin, a Gimbana ya taɓa.

Shekara guda bayan haka yaƙin ya dawo ƙasar Kabi da kansa. A watan Afrilun 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Dalilin zuwan jama'a nan ba ɓoyayye ba ne: sun sha yunwa a ƙasar Gobir da Zamfara, ga Kabi da fadama da rumbuna. A shekarar ce Shehu ya sauka Gwandu ya mai da ita sansani. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa da Abzinawa da Kabawan da suka juya suka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Alwasa, suka biyo su har bakin Gwandu, a nan aka mai da su baya. Da Gwandu ta faɗi a ranar, da wani labarin muke bayarwa.

Tawayen uba, garin ɗa: 1817 zuwa 1821

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Abdussalami, wanda ya riga kusan kowa shan wuya, ya ga rabonsa bai kai wahalarsa ba. An ajiye shi a Kware, kusa da Sakkwato, inda ido yake kansa. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai ɓacin ran ya fito fili. Suka yi musayar wasiƙu, shi yana ƙorafin zalunci da rashin adalci wajen rabo, Bello yana zarginsa da haɗa kai da abokan gaba. Bello ya rubuta nasa ɓangaren a wani ɗan littafi mai suna Sard al-Kalam, kuma kusan duk abin da aka sani game da rigimar daga alƙalamin wanda ya yi nasara ya fito. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura.

Ragowar mutanensa suka koma yamma suka taru a Kalambaina, cikin ƙasar Abdullahi, suka gagare shi. A lokacin akwai 'yar tsama tsakanin Abdullahi da Bello tun daga batun gadon Shehu. Duk da haka Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin wajen 1820 zuwa 1821. Ana ba da labari cewa da suka haɗu a fagen, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffa, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga ranar aka daidaita: Sakkwato da Gwandu, gida biyu, daula ɗaya.

To, ina Gimbanawa suka nufa? A nan ne na ga hikimar mutanen wancan zamani. Maimakon a bi zuriyar ɗan tawaye a ƙare, sai aka karɓi mubaya'ar ɗansa, Buhari ɗan Abdussalami, aka bar shi ya zauna da jama'arsa a bakin Gulbin Gindi, kusa da tsohon mazaunin ubansa. Wannan zama shi ne Jega, wajen 1820. Sarautar gidan ita ce Sarkin Kabin Jega, kuma har yau ita ake yi. Kada sunan ya ruɗi mai karatu: shugabannin jihadi sun saba ba mutanensu laƙabin masarautun da aka ci, shi ya sa akwai Sarkin Kabin Yabo, akwai Sarkin Gobir a Gwadabawa, alhali gidan Kanta na asali yana can Argungu. Gwandu ta sami mai tsare mata kudu da mashigin gulbi, Gimbanawa suka sami gari. Kowa ya ci riba.

Game da Aliero kuwa, abin da ake faɗa a baka shi ne sunan ya samo asali daga wasu malaman Fulani biyu, Ali da Yero, da suka fara zama a wurin, aka haɗe sunayen bisa harshe.

Kasuwa a tsakiyar yaƙi: 1831 zuwa 1900

Gidan Kanta bai miƙa wuya ba. Sarkin Kabi Karari ya yi ta faɗa daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, da ya sami sarari a 1849 ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga nan har zuwan Turawa, fiye da shekara hamsin, Gwandu ba ta yi barci da ido biyu ba. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Gwandu a watan Mayun 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, ya tarar da gari cikin tsoro, hanyoyin yamma a toshe. Halilu, mutum mai gudun duniya, bai yarda sun gana ba. A Gwandun ne Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan da muka ambata, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya faɗi a fagen yaƙi da Kabawa a Tilli. An sami sulhu a 1867, wanda ake kira Lafiyar Toga da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ya kai shekara takwas ya watse. Sai Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gadon Argungu a 1883, ya zama ƙaya a maƙogwaron Gwandu da Sakkwato duka. Rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman ta je har bakin Argungu a farkon shekarun 1890 ta dawo ba nasara.

Abin mamaki, cikin wannan hali ne Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. In an duba, ba mamaki ba ne. Yaƙin ya lalata hanyar da ta bi kwarin Gulbin Kabi, fatake kuwa ba sa fasa tafiya, hanya kawai suke canzawa. Sai suka karkato kudu, ta Gummi da Jega, inda gulbi ya ba su ruwa da ciyawar dabbobi, ganuwa ta ba su wurin kwana.

Babban cinikin shi ne goro. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna da takarkarai ɗauke da turkuɗi da baƙaƙen riguna na rini, da kanwa, da fatu jemammu, da busasshiyar albasa, ya sauka Jega ya ƙara guzuri da kaya, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja, inda goron Asante yake jira. Tafiya da dawowa takan ci wata shida har shekara. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito da na sarakunan hanya. A gari kuma fatoma ne yake sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa idan an yi bashi. Kuɗin zamanin wuri ne, mai nauyin tsiya, shi ya sa babban ciniki yakan zama musaya. Daga yamma gishirin Fogha yake shigowa, daga kudu kayan Nufe da Ilori, waɗanda dama a ƙarƙashin Gwandu suke. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: an sayar da mutane a wannan kasuwa kamar yadda aka sayar a Kano da Bida, kuma bayi ne suka nome gandaye da yawa na masu sarauta da attajirai.

Ayarin mutum dubu da dabbobinsu ba iska suke ci ba. Gero da dawa da harawa da itacen girki daga ƙauyukan kewaye suke fitowa, daga irin garuruwan da a yau suke cikin Maiyama da Aliero. Malaman da suka rubuta tarihin zamanin sun kula da sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma manomin ƙasar Andarai da ya kai damin gero kasuwa, da Bafulatanar da ta kai nono, su ne suka riƙe kasuwar da rundunar duka. Su ne kuma suka fi shan wuya idan mahara sun zo, ko lokacin da annobar shanu ta 1890 zuwa 1891 ta share garkunan Fulani a faɗin ƙasar Hausa.

Turawa, 1903

Sama na Argungu ya karɓi Turawan Ingila hannu biyu, domin abokin gaban abokin gabansa ne. Sojojinsu sun zauna a garinsa tun 1902. A watan Maris na 1903 Gwandu ta sallama ba tare da yaƙi ba, ranar 15 ga watan Sakkwato ta faɗi, a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Gwandu ce ta fi kowa asara a sabon tsari. Nufe da Ilori sun fita daga hannunta, ƙasashenta na yammacin Kwara sun tafi ga Faransa. Bayan tawayen Satiru na 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya san da maganar, suka naɗa wani Halirun, fadar masarautar kuma ta tabbata a Birnin Kabi, inda take har yau.

Ga talaka, canjin ya zo ta fuska biyu. An daina hari, mutane suka fito daga bayan ganuwa suka kafa tunga da ƙauyuka kusa da gonakinsu; an kuma ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ko da yake bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936. Ɗaya fuskar ita ce haraji da jangali da kuɗin Bature, waɗanda uban ƙasa da hakimansa suke tarawa su kai baitulmalin En'e. Mai karatu na Kano ya lura: a ƙasar Sakkwato da Gwandu, uban ƙasa shi ne babba, hakimi yana ƙarƙashinsa. Neman kuɗin haraji ne ya ƙara tura samari cin rani, wasu har Gwanja, wannan karon da ƙarfinsu kawai za su sayar.

Kasuwar Jega kuwa ba yaƙi ne ya rage mata girma ba. Salaga ta riga ta rushe a yaƙin basasarta na 1892. Sannan goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya ɗauko shi, wanda ya iso Kano a 1911. Abin da jaki yake yi a wata uku, jirgi ya yi a kwana kaɗan. Reshen dogo da ya nufo yamma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso ko Sakkwato ba balle Jega. Arzikin gyaɗa da auduga ya bi dogo, Gusau da Funtuwa suka tashi. Jega ta koma kasuwar yanki, ta hatsi da dabbobi da kifi, tana jiran zamanin mota ya dawo mata da hanya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, aka rufe babin gabar da ta ci shekara fiye da ɗari.

Daga 1967 zuwa yau

Sauran labarin mulki gajere ne. Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, shekarar da gyaran ƙananan hukumomi ya karɓe ragowar iko daga hannun En'e, Jega ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi. Aliero ta sami tata ƙaramar hukumar a 1996. A ƙidayar 2006 Jega ta haura mutum dubu 190, Maiyama ta haura dubu 170, Aliero ba ta kai dubu 70 ba.

Yankin ya fitar da mutanen da ƙasa ta sani. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ya riƙe Jami'ar Bayero, sannan ya jagoranci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, har zaɓen da a karon farko shugaba mai ci ya faɗi ya sallama. Sarkin Gwandu Muhammadu Iliyasu Bashar, da yake soja an san shi da Janar Muhammadu Jega, ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Gongola sau biyu kafin ya hau gado a 2005. Muhammadu Adamu Aliero ya yi gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007, a zamaninsa ne aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A Jega akwai kwalejin koyon aikin lafiya. Kafin duk waɗannan, Aliero ta yi suna da ɗori: ana kawo masu karaya daga nesa, har daga Nijar, wurin gidajen da suka gaji sana'ar.

Amma ni a ganina babban juyin da aka yi a wannan zamani a fadama aka yi shi. Da, mai lambu da jigo yake ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, abin da ƙarfinsa ya kai shi ne gonarsa. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun koya wa kowa cewa dogara da damina kaɗai caca ce. Daga shekarun 1980, musamman da shirin Fadama na Bankin Duniya da ya fara a 1993, ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar bututu suka bazu. Ruwa a fadamar nan ba shi da nisa. Mutum ɗaya ya iya shayar da abin da da sai mutum goma. Albasar Aliero, wadda kakanni suke busarwa su ɗora wa jaki, ta koma cika tirela zuwa Ikko da Anaca da Fatakwal, har ƙetaren iyaka. A ranar 17 ga Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi, shinkafar rani ta ƙara samun kasuwa, rufe iyakoki a 2019 ya ƙara mata daraja.

Kada a ɗauka daɗi ne zalla. Albasa ba ta da haƙuri. Da kaka tana arha kamar a ba ka kyauta, manomi ya zuba ta a rudu ya rufe da ciyawa yana jiran tsada, zafi da danshi su cinye masa kaso mai yawa kafin watan Oktoba. Wanda bashi ya matsa wa ba ya ma iya jira, dillali ne yake cin ribar. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar ana dab da girbi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da dakatar da kai abinci kudu da ya biyo baya, sun nuna cewa abin da ya faru a nisan kilomita ɗaruruwa yana iya ruɓar da kaya a Aliero, kamar yadda faɗuwar Salaga ta taɓa Jega. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa shayar da gona ya yi tsada, har wasu suka koma injin gas da na hasken rana. Ga kuma fadamar da makiyayi yake saukowa da rani tun zamanin kakanni, yanzu ta zama lambu daga baki zuwa baki, burtali ya ƙuntace. Mafi yawan ƙararrakin da ke zuwa gaban hakimai daga nan suke tasowa.

Harshen wurin bai canza ba. Har yanzu za ka ji shina zuwa, mi kaka so, hwari da lahiya, Hausar yamma da ɗan Kano yake yi wa dariya alhali ta fi tasa riƙe tsohon zubi. Zuriyar Gimbanawa da Kabawa da Fulani da Zabarmawa sun auri juna har ba a rabewa sai an tambayi kaka.

Kakannin nan kuwa suna ƙarewa. Kowane gari a ƙasar Maiyama yana da tsofaffin da suka san wanda ya fara saran dajin, da inda ganuwa ta bi, da jerin hakimai, da shekarar da gulbi ya canza hanya. Jami'a tana Aliero, tafiyar ƙasa da awa guda. Ina roƙon malamanta da ɗalibanta, da 'yan bokon Andarai da Sambawa da Mungadi da ke aiki a Birnin Kabi da Abuja, su ɗauki waya su je su zauna gaban waɗannan dattawa su naɗi abin da ke bakinsu, a rubuta shi da Hausa, a ajiye kwafi a fadar kowane uban ƙasa.